Kamu Ɗaya

Lokotoro ya ce jinina ya hau,
in rage gishiri, in ƙara tafiya.
Na ce shekara talatin ina taka keken ɗinki,
wannan ba tafiya ba ce?
Bai yi dariya ba.

Shi ya sa ran Lahadi, bayan asuba,
ni da jikata Tsahara
muka nufi dutsen bayan unguwa,
wanda nake gani tun ina yawo ba wando
ban taɓa tambayar abin da ke kansa ba.

Tana gaba da silifas na roba, tsalle-tsalle.
Ina baya, gwiwa na kuka kamar ƙyauren shagona.
Baƙar leda a jikin ƙaya,
kashin awaki, fasasshiyar kwalba.
Wani ya rubuta sunan budurwarsa da shuɗin fenti,
damina ta cinye rabin sunan.
Ƙadangare ya yi mini sannu da kai
har sau uku. Na amsa.

Tsahara ta ce mushensu ya gaya musu a lakwal
duwatsun nan wuta ne a da,
narkakku kamar dalma can cikin ƙasa,
suka huce a hankali, shekarun da ba a ƙirgawa.
Na ɗora tafin hannu.
Sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

Sau huɗu na zauna. A na huɗun
na ce igiyar takalmi nake gyarawa.
Ta dubi ƙafata, takalmin ba shi da igiya,
ta kau da kai. Yarinyar kirki.

Sai ga mu a sama.
Iska ta kai wa hulata hannu, na riƙe.

Damagaram a kwance
kamar yadin da aka shimfiɗa, almakashi bai taɓa ba.
Birni can, jar ƙasa, lunguna sirara kamar zare.
Zango can. Kasuwar Dole ta fara motsi,
kabu-kabu na kai da kawo, tururuwa ta ga sukari.
A bakin famfo jarkoki rawaya sun ja layi,
masu su na barci, sun bar su suna jira a madadinsu.
Duk hayaniyar garin ba ta iso nan ba
sai jaki ɗaya, can nesa, yana kai ƙara.

Na ce, ina gidanmu?
Ni da na haƙa harsashinsa da hannuna
na neme shi na rasa.
Ita ta nuna: ga zanen Kaka Fassuma kan igiya, mai ruwan goro,
ga dogon yaron Baba Mutari.

Mutari.
Shekara bakwai ba gaisuwa.
Kamu ɗaya ya ci daga filina ran da ya ja katanga.
Mun je gaban mai unguwa, kowa ya rantse.
Bai zo sunan ƙanen Tsahara ba,
ban je ta'aziyyar yayarsa ba.

Na nemi kamun nan.
Na rufe ido ɗaya kamar zan zura zare a allura.
Babu.
Kwanonsa da nawa tsatsa ɗaya,
inuwar itacensa rabi a tsakar gidana.

Wani farin ɗigo ya fito da buta,
ya tsuguna, ya daɗe,
ya miƙe da hannu a ƙugu, a hankali, a hankali.
Ban san ya tsufa haka ba.

Ta ɗauke ni hoto da salular uwarta,
na fito baki buɗe, hula a karkace.

Saukowa ta fi hawa wuya,
ba wanda ya gaya mini.
Da mazaunai na yi wani wurin, wandon ya ji jiki,
zan ɗinke abina.

Mun shigo layinmu rana ta ɗaga,
mai ƙosai ta kusa kwashe kaskon ƙarshe.
A ƙofarsa ƙafata ta tsaya.
Tsahara ta ce, Kaka, igiyar takalmin ce kuma?
Na ce, wuce gida, ina zuwa.

Na yi gyaran murya.
Daga ciki aka ce, wane ne?