Sharaɗi Na Goma Sha Bakwai

Daren Talata, ruwa na dukan taga
a garinmu na bakin iyakar Wales.
Kansiloli tara, shayi ya huce a kofuna.
Ni ne magatakarda, nawa biro ne kawai.

Gidaje tamanin da huɗu za a gina
a gonar marigayi Aldous Pennant,
inda tumaki suka tsaga ciyawa
kamar tsagar kitso.

Mai kamfani ya shimfiɗa taswira,
ya danne kusurwarta da wayarsa.
Ya ce, "Mutum ɗari uku ke jiran ɗaki a garin nan,
ku kuna tambayata makwancin jemage?"

Ba ƙarya ya yi ba.
'Yata Bronwen da ɗanta
wata goma ke nan suna kwana a falona.
Ban rubuta wannan ba, ba ya cikin ajanda.

Sai Hester Yardley ta gyara tabarau,
tsohuwar malama, muryarta kamar ƙyauren da ya manta mai.
Ta ce, "Bushiya kan yi tafiya mai nisa cikin dare
neman tana, neman miji.
Ba ta san shinge ba.
Ba ta zo zaman nan ba
don ba wanda ya aika mata takarda."

Aka yi dariya. Aka ɗaga hannu.
Biyar suka rinjayi huɗu.

Na rubuta:
kowane shinge a huda gindinsa, faɗin tafin hannu.
Kowane bango, can ƙarƙashin rufi,
a sa bulo mai rami
don tsattsewa in ta dawo daga kudu.
Tsohon itacen bakin rafi, kul.
Fitilun titi su sunkuyar da kai.

Shekara uku.
Ma'aikata sun yi ƙaranci,
sai aka miƙo mini ma'auni da takalman roba
wai in je in ƙirga ramuka.
Ni da furfurata, durƙushe a bayan gidajen mutane,
ina leƙen gindin katako
kamar wanda allurarsa ta faɗi.

Gida na shida, an toshe da dutse. Wai ɓeraye.
Na sha ɗaya, tukunyar fure ta zauna daram.
Na ashirin da uku, Gethin Rowe ya rantse
karensa kan cusa hanci ya yi kuka har asuba,
shi kuwa direba ne, barci yake so.
Me zan ce masa?
A layin ƙarshe magina sun juya bulon tsattsewa,
ƙofar tana kallon cikin bango.
Na tsaya ina kallon sama har wuyana ya ƙage.
Ashe ruwa muka ɗebo a kwando.

Na arba'in da ɗaya, Bronwen ce ta buɗe.
Kafin in gaisa Emrys ya ja hannun rigata
zuwa bayan kwandon shara.
Ya zagaye ramin da shuɗin fenti,
ya rubuta lamba a samansa da hannun koyo:
arba'in da ɗaya da rabi.
Ga ɗan kaskon ruwa.
Ga kashi a gefe, baƙi, siriri,
na daren jiya, da fiffiken ƙwaro a ciki.

Fom ɗina gurbi biyu gare shi:
akwai rami, babu rami.
Ba inda zan sa kashi.

Talatin da ɗaya cikin tamanin da huɗu.
Hester ta rasu a hunturun bara,
ban san wa zan kai wa lissafin ba,
ban ma san ko albishir ne ba.
Gobe wasiƙu hamsin da uku ke jirana,
kowace ta fara da "Cikin ladabi muke tunatar da ku."

Ina kakkaɓe laka daga gwiwata
yaron ya riƙe ma'aunin ya hana ni.
"Kaka," ya ce, "tunda gidanta na da lamba,
ita ma za ku rubuta mata?"