Gurbin Gammo

Ina mata kitso na gani:
a tsakar kan Tabawa gashi ya gudu,
faɗin tafin jariri,
daidai inda gammo ke zama.

Shekararta tara.
Ni na ɗaura mata 'yar tsintsiya tun tana tatata,
muka yi ta shewa, wai ta yi hankali.
Ni na koya mata tankaɗe da bakace,
da hura wuta ba tare da hawaye ba,
in sun zubo a ce hayaƙi ne.

Kafin rana ta leƙo zaure
ta yi sawu biyu rijiyar bayan gari.
Shara, wanke-wanke, dusar awaki,
Ɗanliti a baya kamar ita ta haife shi.
Yayanta Sabi'u na shan kokon da ta dama,
ya rasa takalminsa, ita yake kira.

Malamar firamaren Sankara ta aiko,
wai barci take a kan littafi.
Na ce ƙiwa ce. Har na ɗaga mata hannu.

Yau ga ta a cinyata,
ban kai rabin shuku ba ta yi nauyi,
baki a buɗe, tafin hannu duk kanta.
Tulu ba ruwa, murhu ya huce.
Na shafa nawa kan, na ji gurbin nan
da Inna ta bar mini gado.

Sabi'u, zo ɗauki jarka.
Bi a hankali, kar ƙyauren ya yi ƙara.