Batu Na Bakwai

A takardar gayyata ni ce batu na bakwai,
bayan gyaran magudanar ruwa,
kafin sayen sabuwar motar kashe gobara.
Sun rubuta sunana daidai, Thavamalar,
harafi goma, ko ɗaya bai ɓace ba.
Wannan kaɗai ya ci shekara ashirin da uku.

Takarda ta haifi takarda, har da jikoki:
shaidar haraji, shaidar ba a bi na bashi,
shaidar 'yan sanda cewa ba su san ni ba.
Sannan mutum biyar a bayan tebur,
ni kaɗai a gabansa.
Wane kogi ne ya ratsa kwarin nan?
Sunan dutsen da ake hange daga tashar jirgi?
Wace rana ake kwashe shara, wace rana kwali?
Na amsa da harshensu,
har da kakin da suke yi masa a maƙogwaro.
Ba wanda ya tambayi rijiyar gidanmu a Jaffna,
ko wa ke shan ruwanta yanzu.
Gara da ba su tambaya ba. Da na faɗi.

Yau an jera kujeru a zauren wasan makaranta,
ƙauyen duka ya hallara, ana tari, ana gyara zama.
Da aka zo kaina, shugaba Röthlisberger
ya cire tabarau, ya ce in ɗan ba su wuri.

Ga ni a baranda tare da rigunan sanyinsu.
Ƙanƙara na narkewa daga kafaɗun riguna,
ɗis, ɗis, a kan siminti.
An ce baƙo raɓa ne.
Wace raɓa ce ke kwana ashirin da uku na shekaru
a kan ciyawa ɗaya, rana ba ta ɗauke ta ba?

A bayan ƙofar nan za a ɗaga hannuwa,
kuma na san hannuwan.
Na Ueli mai shanu, da ya riƙe nawa yana rawa
daren da na rufe wa matarsa ido a gidan tsofaffi.
Na Vreni mai burodi, da ke ajiye min canji a kan kanta
shekara shida kafin ta fara sa min a tafi.
Na malamin da ya ce ɗana ba zai iya lissafi ba,
ɗan da ke gyara masa takardun haraji yanzu.
Hannun da na wanke wa uwa,
hannun da na wanke wa uba,
hannun da, in rai ya kai, ni zan wanke.

Ban ji muhawara ba, sai jan kujera,
sai shiru irin na ƙidaya.

Magatakarda ta leƙo, kuncinta ja:
tamanin da ɗaya sun ɗaga,
tara sun ƙi,
huɗu sun tsura wa rufi ido.
Aka tafa kaɗan, tafin mutanen da ba su saba ba.
Na zauna a kujerata, har ta huce,
suka shiga maganar motar kashe gobara,
aka kwashe minti arba'in a kanta.
Ni an gama da ni a shida.

Saura hatimin jiha, saura na Bern.
Ban tambayi su waye taran ba.
Garin ƙarami ne, zan gaishe su gobe ko ban sani ba.

Ƙarfe shida na asuba na hau aiki,
ɗaki na goma sha biyu, tsohuwa Zbinden,
wadda ke manta ni kowane dare.
Na ɗaga labule, na kama yatsunta zan yanke farce.
Ta dube ni kamar kullum, ta ce,
"Yarinya, daga ina kika zo?"

Na ce, "Daga ƙasan bene.
Sha shayinki kafin ya huce."