Takwas, Ɗigo, Ɗaya

Rumfata na bakin titin Sarki Yahaya,
tsakanin mai shayi da mai gyaran fanka.
Wayoyi nake feɗewa kamar mahauci,
sai dai nawa naman ba ya jini.

Ran Talata, rana ta take tsaka,
Malam Sahabi majemi ya taso daga Rijiyar Ɗorowa,
hannunsa na ƙanshin bagaruwa,
ya dire mini waya mai tsagaggen gilashi.
"Yaro, wagga ta bar jin magana.
Kullum sai ta ce in sabunta,
in na taɓa, ta yi ta juyi kamar akuya a turke."

Na shiga cikinta, can ƙasan saiti,
inda kowace waya ke ɓoye takardar haihuwarta:
takwas, ɗigo, ɗaya, ɗigo, sifili.

"Mi ke nan?"

Na ce, Baba, lissafin gida ne.
Lambar farko in ta motsa,
an rushe soro an sake aza tubali.
Ta tsakiya, ɗaki aka ƙara a tsakar gida.
Ta ƙarshe yaɓe ce kawai,
inda damina ta ci katanga aka toshe.

"To suna hwa? Ba a yanka mata rago ba?"

An raɗa, Baba, ko da ba rago.
Wasu sunan kayan zaƙi suke sa wa manhaja,
harafi na bin harafi.
Wasu namun daji, wasu duwatsun ƙasarsu.
Wasu shekara da wata kawai suke rubutawa,
kamar kakata da ke cewa
an haife ta shekarar fara, watan azumin tsofaffi.
Akwai ma waɗanda suka ƙirga takwas,
suka tsallake tara, suka ce goma,
kuma ba wanda ya kai su gaban alƙali.

Ya yi dariya har hularsa ta karkace.
"Ashe ba su hi mu ba.
Ni Sahabi anka raɗa min,
amma Gambo aka kirana, don tagwaye na biyo.
Ƙanenmu Auta, bayan shi an haihi biyu,
har yau bai saki sunan ba."

Muka zauna muna raɗa namu.
Alkaki, in ji ni. Bakilawa, in ji shi.
Cincin. Dubulan.
Nan muka cije, harafi na gaba ba shi da zaƙi,
mai shayi ya leƙo ya ce ku tsallake,
ai an tsallake tara.
Funkaso, gullisuwa, hanjin ligido, iloka,
har wata yarinya mai jiran caja
ta ce a ajiye mata nakiya in an kai can.

Sannan na faɗa masa abin da nake ta kewayewa.
Masu ita sun yaye ta, Baba.
Takwas ba za ta ga tara ba.
An daina aiko mata yaɓe,
duk ɓarakar da ta buɗe, haka za ta zauna.
Ga sababbi nan a gilashi,
sha huɗu, sha biyar, suna ta ƙyalli.

Ya karɓe ta, ya goge fuskarta da bakin riga.
Ya lalubo wani saƙo, ya kara mini a kunne:
muryar tsohuwa, tana tari,
tana cewa in zai dawo ya biyo da daddawa.

"Kulu ce. Bara waccan ta riga mu.
Ita ma ba a sake aiko wata ba."

Na kashe mata tambayar sabuntawa.
Na canza batir, ban karɓi ko sisi ba.
Ya sa ta a aljihun gaba, wajen ƙirji,
ya tsallaka titi yana kauce wa 'yan kabu-kabu.

Mai shayi ya ce, mun tsaya a ina?
Na ce iloka.