Kamu Ashirin a Ƙarƙashin Iwa

A fadamar da ke bayan tuddan yashi,
tsakanin tafki da teku, a gaɓar KwaZulu,
inda kakata Khethiwe ke yankan iwa don tabarma,
na iso da bututun ƙarfe a kafaɗa.
Ta dube ni, ta dubi bututun, ta ce,
"Nomvula, duk karatun nan a haƙan gara ya ƙare?"

Ƙasar nan ba ta tsayawa wuri ɗaya.
In ka taka sai ta motsa kamar cikin saniya,
ruwa mai launin shayi ya cike sawunka.
Bhekizizwe ya danna, ni na murɗa,
muka zaro kamu na farko:
baƙi wuluk, da laushi, da warin tsohuwar randa,
saiwoyi a ciki kamar zaren da masaƙi ya manta.

Ga yadda aka yi, Kaka.
Ciyawa ta mutu, ta kwanta cikin ruwa,
ruwa ya toshe mata iska, ruɓa ya rasa ƙofa.
Ta bana ta kwanta a kan ta bara,
ta bara a kan ta bara waccan,
kowace shekara kaurin farce, ko ƙasa da haka.
Tabarma ce ake shimfiɗawa, ba a taɓa naɗewa.

A kamu na biyar ƙurar furen kurmi ta yi yawa.
Ido ba ya ganinta, sai an kai ta gaban madubi,
amma tana nan, shaidar damina mai albarka,
lokacin da teku ta dawo kusa, ta tokare ruwan ƙasa,
ya rasa mafita, ya taso sama.

A na tara wuƙata ta yi ƙaras.
Yashi ne, siriri kamar layin kwalli.
A zamanin nan ƙanƙara ta daskarar da ruwan duniya
can a ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba,
teku ta tattara zaninta ta ja baya,
hadari ya yi rowa, iska ta kwaso rairayi ta watsa.
Fadama ta rame, ta ɗaure ciki,
amma ba ta mutu ba.
Ƙasa da shi kaɗan ga gawayi:
wata gobara ce da ba wanda ya ba da labarinta.

Rana ta karkata, dorina ta yi gurnani a tafki,
kafaɗun Bhekizizwe sun fara rawa.
A kamu na ashirin ƙarfe ya ƙi gaba.
Farin yashi, tas, babu ko ɗigon baƙi.
Nan ne ranar farko:
kwari tsakanin tudu biyu, bakinsa ya toshe,
ruwa ya kwana, ya yini, ya ƙi tafiya,
wata iwa guda ta ce bari ta gwada.
Shekara dubu nawa ke nan? Na faɗi adadin,
Kaka ta ce lissafin ya fi ƙarfin yatsunta.

Ta ɗebi baƙin, ta murza, ta shinshina.
"Shekarar da na haifi ubanki," in ji ta,
"bayan an dasa itatuwan turare a kan tudu
sun shanye rijiyoyi,
ƙasar can gefe ta kama wuta daga ciki.
Wata uku hayaƙi na fita, babu harshen wuta.
Mun ɗauka fushi ne. Ashe tsufa ne ke ƙonewa."

Na nannaɗe guntayen a leda, na rubuta lamba.
Ita kuwa ta tsaya a bakin ramin,
ɗan rami, bai fi bakin tulu ba,
ta tattaro ragowar iwar da lauje ya zubar,
ta cusa, ta danne da diddige
har ruwa ya rufe.
"Ga na bana," ta ce,
ta ɗora daminta a ka, ta yi gaba.