Sabulun Matar Nan

A Mairuno, shagona ya ba Nilu baya.
Shekara sha tara, mutum ya zo ya ce, "Sabulu,"
in miƙa, ya biya, ya wuce.
Sabulu ba shi da suna, kamar gishiri.

Sai Attom mai gahawa ya rataya talabijin a jikin dalbejiya.
Bayan Magariba, tsakanin labarai da ƙwallo,
wata mata ta fito da farin mayafi,
ta shanya, iska ta kaɗa,
ta yi murmushi har da turame.
Sau bakwai kowane dare. Na ƙirga.

Yau Hajja Sakina ta aiko jikanta:
"Wai na matar nan."
Na ce, yaro, kumfa ɗaya ce, kogi ɗaya.
Ya mai da kuɗin aljihu, ya tsallaka titi.

Jiya an ɗauke wuta, akwatin ya yi shiru,
amma 'yata Batula na wanke-wanke
tana rera waƙar tallan cikin duhu,
har wurin da ake tafi.

Katan huɗu na tsufa a bayana.
Gobe zan hau motar Sinnar
in saro murmushin matar nan,
ko da dozin biyu.