Diddigen Ƙarfe

A Owode Onirin, inda motoci kan zo su mutu
a sayar da ƙasusuwansu kilo-kilo,
na yi kwana tara ina tonon tarkace
ina neman sifirin ɗaya
da zai danna ƙasa yadda diddigen babana ke dannawa.

Shi bai san awo ba.
Sungumi ya sara, ƙwaya uku ta faɗa,
ƙafa ta jawo ƙasa, ta taka, ta wuce.
A jigawa ya sake mata nauyi,
a fadama shafa kawai yake yi,
kuma ban taɓa jin ya ce wa ƙafar komai ba.

Iya Abeke ce ta zo daga Epe,
gonarta ta fi ƙarfin bayanta, 'ya'ya duk suna cikin gari.
Ta ce, Haladu, ƙera mini injin shuka mai baki biyu,
kuɗin 'yan ƙwadago ya isa ya sayi gonar.

Na farko na ciro daga ƙarƙashin wata danfo.
Ƙato ne, ba ya jin magana.
Ya tura masara zurfin tafin hannu,
ruwan Afrilu ya zo ya liƙe bakin ramin.
Bayan mako layuka suka fito da sanƙo.
Na tona da yatsa, na tarar da tsiro fari fat,
ya lanƙwashe, guzurinsa ya ƙare
saura ƙiris ya ga rana.

Na biyu na sirdin keke ne, mai kunya.
Ƙasa ta ɗan ɗaure fuska, sai ya ja baya,
ya bar iri a fili.
Iya Abeke ba ta yi faɗa ba.
Hoton kurciyoyi ta turo mini ta waya,
sun ƙoshi har ba sa iya tashi.

Sai na daina cinta.
Na ɗora bokitin yashi, kilo goma, kilo ashirin,
ina auna nawa ya matse, ina rubutawa da alli a ƙyauren shago.
Na ƙirga zagaye, na gwada kaurin waya.
Wani na yanke masa zagaye biyu don ya yi laushi,
ashe gajarta taurin kai take ƙara masa.
Wannan darasin ya ci mini kuɗin abincin kwana biyu.

Wanda ya dace daga babur ya fito,
cikin tulin waɗanda aka kama aka niƙe.
Ja ne, irin nawa na da.
Ban tambaya ba. Na biya.

Na huda sanda wuri biyar, na sa fil:
hudar sama don rairayi, ta ƙasa don inda ya bushe ya yi tauri,
don gonar ɗaya ce amma halinta uku.
Na cika shi da giris,
iskar Ikko gishiri gare ta, tana cin ƙarfe ba ta biya.

Ranar gwaji na cire takalmi na bi shi a baya.
Faifai ya tsaga, ƙwaya ta faɗa, taya ta rufe.
Ya ci karo da saiwar kwakwar manja,
na riƙe numfashi.
Ya ɗaga, ya haye, ya koma zurfinsa,
gaɓa biyu ta yatsa, kamar ba a yi ba.

A ƙarshen layi na shida, inda tarakta ke juyawa,
ƙwaya ɗaya ta rage a waje.
Kafin in yi tunani ƙafata ta jawo ƙasa ta taka.

Iya Abeke tana kirana daga gefen ruwa,
wai in zo in matsar da fil,
nan laka ce.